Man Jidda da Tsohuwar Sifinja

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Sa'idu,

Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah Ya sa ka buɗe takardar nan cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Ya tsare gabanku da bayanku, Ya sauke ku Rusairis lafiya, Ya sa ƙafar da za ka ɗaga daga Mai Wurno ta zama ta alheri.

Za ka yi mamakin uban da katanga ɗaya ta raba ɗakinsa da naka ya zauna yana rubuta maka wasiƙa. Tun jiya nake son in yi maka magana, amma duk sanda na buɗe baki sai in ji abin da zai fito ya saɓa wa wanda na shirya. Shi ne na ce bari in rubuta, ko takarda za ta tsayar da ni wuri ɗaya. Na san Larabci ya fi maka sauƙin karatu. Ka yi haƙuri, ruɗewa ba ta fita mini daidai sai da Hausa.

Maganar mai ce. Ka ga abin da ya faru jiya bayan an shafa addu'ar sallamarku. Baffanka Alhaji Ɗahiru, yayana, ya shiga ɗaki da wannan gwiwar tasa, ya jawo galan biyu daga ƙarƙashin gado, ya hana kowa taya shi, ya dire su a gabanka. Ya ce, "Sa'idu, ɗauki. Wanga mai ba irin na kasuwa ba na. Daga Jidda niz zo da shi. Tambayi ubanka, shi ya san aikinai." Jama'a duk suka waiwayo suna dubana. Ni kuwa na ce, "Ƙwarai kuwa, Yaya." Wannan ƙwarai ɗin ce ta hana ni sakat har yanzu.

Gobe za ka ja sifinja, tsohuwar babbar motar da ta girme ka, wadda ta ciyar da gidan nan tun kafin a haife ka. Ka san hanyar Sinja zuwa Damazin tun da ƙasar nan ta rikice. Kayan gyara sun yi ɓatan dabo. Wanda motarsa ta mutu a daji ba kowa ke tsaya masa ba, masu tsayawar kuma sau da yawa ba su ne mutum ke addu'ar gani ba. Ga matarka a gefenka. Saboda haka abin da za ka zuba wa tsohuwar nan a ciki ba ƙaramar magana ba ce, kuma lokacin juye mata mai ya yi, da ka isa ko ma kafin ka isa. Ina jin tsoro, gara in faɗa maka kai tsaye.

Bari in fara daga farkon wautata.

Ba wannan ne karo na farko da baffanka ya kawo irin man nan ba. Shekarar da ya dawo daga aiki a Jidda, kana ƙarami, ya raba tsaraba gida-gida. Wannan dabino, wancan tasbaha, innarka ta sami turare da ruwan zamzam. Ni da ya zo kaina sai ya miƙo mini galan masu sheƙi, ya ce man inji ne na zamani, wanda masu gyara a nan ke kira sina'i, wato wanda aka haɗa a masana'anta, ba baƙin man da muka saba ba. Ka san mu. Kakanninmu sun baro Sakkwato a ƙasa da niyyar gabas, wasu suka isa, wasu suka tsaya a bakin kogin nan suka haife mu. Duk abin da ya fito daga can, ko allura ce, da hannu biyu muke karɓa. A cikin jirgi ɗaya man nan ya zo da zamzam. Ta yaya zan tsaya ina tambayar ko ya dace da motata? Ban tambayi kowa ba. Na kwance noti, na zubar da baƙin man da ke cikinta, na yi bisimilla na ɗura mata na Jidda, har ina jin kamar na kai ta umara.

Gaskiya kuma, Sa'idu, ta ji daɗinsa. A nan ruɗewar ta samo asali. Da sanyin safiya, motar da sai an lallashe ta kamar mai fushi, taɓawa ɗaya ta tashi. Muryarta ta yi laushi. Na ɗauko buhunan albasa har Rufa'a cikin tsakiyar zafi, allurar zafi ba ta ɗaga kai ba. Na riƙa yabon man nan a tasha har direbobi suka fara gudun zama kusa da ni.

Ba a daɗe ba wata safiya innarka tana shara ta tsaya ta dafa tsintsiya ta ce, "Malam, wagga mota taka hitsarin kwance tah hwara?" Na leƙa ƙarƙashi. Ɗigo a gaba, ɗigo a tsakiya, ga wani tabo mai faɗi a baya. Motar da a da sai dai ta yi ɗan gumi, yanzu ta ko'ina take zuba. Kaji suka bi ta ciki suka shiga ɗaki suka buga mata sawu a kan shimfiɗa. Ranar na sha magana.

Abin da ya dace shi ne in je in gaya wa baffanka. Ban je ba. Sai na koma zuba yashi a ƙarƙashinta kullum, in kwashe da asuba kafin ya biyo ta ƙofar gida zuwa masallaci. In ya ce, "Yaya man?" in ce, "Sai godiya, Yaya." Shawarata a nan ita ce, kyauta ka karɓe ta da hannu biyu, ka yi godiya har ƙasa, amma kafin ka zuba ta a cikin abin da ke ciyar da kai, tsaya ka yi tambaya. Albarkar wuri daban, abin da ƙarfe ke so daban. Na dai rubuta wannan, amma ko yanzu da na sake karantawa sai na ji kamar na yi saɓo. Allah Ya yafe mini in na yi.

Da yoyon ya ishe ni na kai ta Sinnar wurin Usta Babikir, tsohon makanikin nan da ya san cikinta fiye da yadda na san aljihuna. Ya shiga ƙarƙashi, ya dangwali man ya murza a yatsu, ya shinshina, ya fito yana dubana kamar na yanka masa akuya. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, me ka ba ta? Tsohuwa ce fa. Dattin da ya daskare mata a mahaɗai shekara da shekaru shi ke toshe mata ɓaraka. Ka kawo mai wankewa ya wanke, ga shi siriri kamar ruwan shayi, ya sami hanya. Mayar da ita kan abin da ta sani." Maganar ta shige ni. Na ce lallai tsohuwar zuma da ita ake magani. Muka juye na Jidda, muka zuba baƙin mai na gargajiya mai kauri, yoyon ya ragu. Bai tsaya ba, amma ya ragu.

Da a nan labarin ya ƙare, da layi ɗaya zan rubuta maka: kada ka taɓa galan ɗin baffanka. Har na rubuta hakan a wata takarda ɗazu, na yage.

Don kuwa kuskurena na biyu ya fito ne daga jin maganar Usta fiye da yadda ya faɗe ta. Ya ce kauri na da kyau, ni kuma na ɗauka mafi kauri shi ya fi. Duk sanda na ga ɗigo sai in nemi wanda ya fi na baya kauri. Na kai ga zuba mata wani da sai an jira shi kafin ya sauko daga bakin galan. Kuma na daina juyewa a kan kari, ina cewa ai dattin nan magani ne, kada a taɓa shi. Sai ƙari kawai. Da sanyi ya shigo, sai ta riƙa tashi da wata ƙara kamar ana kaɗa cokula a kwano, ta daɗe tana yi kafin mai ya hau sama. Wata rana a kan hanyar Sinnar allurar mai ta fara rawa. Allah Ya taimake ni ina kusa da gari.

Lokacin Usta Babikir ya fara gajiya, ɗansa Tijjani ke riƙe da garejin. Tijjani ya kwance kwanon da mai ke taruwa a ƙasan inji ya kira ni in gani. Abin da ke ciki ba mai ba ne, wani baƙin tuwo ne, ya toshe rariyar da ke tsotsar mai saura ɗan ƙiris. Ya ce, "Ammu Mamman, wannan shi ne maganin naka? Saura kaɗan ya kashe ta. Man Jidda ba shi ya huda maka mota ba. Robobin mahaɗanta sun bushe tuntuni, shi dai ya nuna maka. Da ka canza su ka ci gaba da shi, da cikinta ya fi haka tsabta, kuma ya fi jure zafin ƙasar nan." Na ce to, ashe an bar jaki ana dukan taiki. Wannan maganar ma ta shige ni.

Uban yana zaune a kan benci yana shan gahawa, yana ji. Ya ajiye finjali ya ce ai da ba a fara wanke ta da man zamani ba da dattin bai motsa ya gangaro ƙasa ba. Ɗan ya ce dattin na baƙin mai ne da rashin juyewa. Uban ya ce injin nan an ƙera shi tun ba a san wani sina'i ba, ratar da ke tsakanin ƙarafansa mai faɗi ce, siririn mai ba ya cike ta. Ɗan ya ce ai sina'in ma akwai mai kauri, ni ne ban duba lambar da ke jikin galan ba. Ni ina tsakiya, in wannan ya yi magana in gyaɗa kai, in wancan ya yi in gyaɗa, har wuyana ya gaji. Na bar garejin nan na fi shigarsa duhun kai.

Ka san abin da na yi? Kada ka yi dariya. Na ce tunda uba da ɗa ne, kuma dukansu ina ganin girmansu, bari in sasanta su. Na ɗauko ragowar na Jidda da na ɓoye a rumbu, na haɗa shi rabi da rabi da baƙin mai, na zuba. Na yi ta kasa kunne ina jiran ko dai ta fashe ko ta yi fiffike. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ci gaba da tafiyarta, tana ɗan ɗigonta. Da na gaya wa Usta ya ce baƙin man ne ya cece ni. Da na gaya wa Tijjani ya ce na Jiddan ne ya cece ni. Har yau ban san wanda ya cece ni ba. Abin da zan ce maka kawai, in manya biyu sun saɓa, kada ka mai da cikin motarka zauren sulhu. Ɗauki maganar ɗaya ka bi ta har ka ga ƙarshenta, don ko ba komai ka san wanda za ka koma wa. Wane ɗayan? To, ai shi ne abin da ya zaunar da ni.

Akwai wuri guda da nake ganin ina da tabbas, shi ne giyar mota. Man inji daban, man giya daban, wannan ko yaro ya sani. Amma shi ma man giyan akwai tsohon yayi akwai sabon yayi. Wata shekara a Rufa'a na rasa irin wanda na saba, mai shago ya ba ni wani sabo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya rantse mini duk manyan motocin yanzu shi suke sha. Na zuba a akwatin giya, na zuba a karona, wato tukunyar nan da ke tsakanin ƙafafun baya. Karona ba ta ce komai ba, har ma kukan da take yi ya lafa. Giya kuwa bayan an kwana biyu ta fara gardama, in za ka sa ta uku sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Da aka juye man a tasa, na ga yana ƙyalli a rana, kamar an barbaɗa garin zinariya. Har na ɗan ji daɗin ganinsa, don wauta. Usta ya ce, "Zobban tagullar da ke cikin giyarka ne kake kallo. Man ya cinye su." Waɗanda ke cikinta yanzu daga gawar wata sifinja muka ciro su, kuma ban san inda wata gawar take ba. Saboda haka giya, tsohon yayi kawai. Kada wani mai shago ya rantse maka.

Sai dai ko wannan, da na maimaita shi a gaban Tijjani, cewa ya yi yanzu akwai na zamani da ba ya cin tagulla, an rubuta a jikin galan. Na ce da wane harshe? Ya ce da Turanci. Na ce to a gai da su. Kai ka ɗan taɓa Turanci a makaranta, in ka ga za ka iya ganewa, ruwanka. Ni dai na ga garin zinariya da idona.

Yanzu ga abin da ya ƙarasa dagula mini lissafi. Da safen nan na yanke shawara: baƙin mai na gargajiya, a juye a kan kari, shi ke nan, galan ɗin baffanka kuma a ajiye su don girmamawa. Na fita kasuwa in sayo maka. Na tsaya a gaban masu mai, na ɗaga wannan galan na ɗaga wancan, sai na tuna abin da direbobi ke ta faɗa tun da hanyoyi suka toshe, cewa akwai masu tara tsohon man da aka juye, su tace shi da tsumma, su ɗura a galan mai kyau su liƙe baki. Na buɗe ɗaya na shinshina, na ji kamar ƙauri. Na buɗe wani, na ji kamar babu. Na koma na farkon, na ji kamar babu. Hancin nawa ma ya ruɗe. Mai shagon ya ce, "Baba, saye za ka yi ko turare kaka nema?" Na sayi wanda zuciyata ta fi kwanciya da shi, yana bayan kujerarka, amma ba zan dafa Alƙur'ani a kansa ba.

Ka ga inda muka tsaya. Na baffanka na gaskiya ne, bakinsa a rufe tun daga Jidda, amma yana iya sa ta yoyo, don robobin gaba mun canza su, ta bayan inji kuwa ba mu samu ba, tsohuwar ce. Na kasuwa irin wanda ta saba ne, in har shi ne a cikin galan ɗin. Gaba kura, baya sayaki. Kuma na baffanka ya daɗe a ƙarƙashin gado tun umararsa ta ƙarshe. Shin mai yana tsufa a galan? Tijjani ya taɓa cewa yana yi. Usta ya ce abin da ya kwana a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin Annabi Nuhu ba zai lalace a ƙarƙashin gado ba. Sai Tijjani ya ce ai wannan ba daga ƙasa aka haƙo shi haka ba. Ka ji su kuma.

Daga kasuwa na zarce gidan baffanka. Na ce yau dai zan fasa ƙwan, in gaya masa abin da na ɓoye shekara da shekaru. Na same shi a zaure yana jan tasbaha. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Yaya, man nan na wancan karo, ya ɗan sa motar yoyo." Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Kai, Mamman. Yashin da kaka zubawa kullum, ka aza makaho ni ke? Ina gani. Na ce in ka so ka hwaɗi." Na ce, "To, Yaya, me ya sa ka sake ba yaron?" Ya ce, "Ni mi nis sani ga mai? Na shiga shago na ce a ba ni wanda yaf fi kowane kyau, na ƙanena na. Wanga kuwa shi kaɗai yar rage min da zan iya ba yaro. Gona ta tahi, ƙarhi ya tahi. In bai yi ba, shi zubar bayan gari, kada dai in gani." Na zo in sauke kaya, na tashi da wanda ya fi shi nauyi.

Don haka galan ɗin nan za su hau mota gobe a gaban idonsa, ka ɗaure su inda zai gani. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne. Abin da za ka yi da su bayan kun wuce Sinja, ni ban sani ba, Sa'idu. Wallahi ban sani ba. Shekarun da na yi a bayan sitiyarin nan sun fi naka na duniya, kuma ga shi an tambaye ni abu guda na kasa amsawa. Ina jin kunyar haka. Uba yana son ya sallami ɗansa da magana mai kai ɗaya.

Ga dai ɗan abin da ba na shakka a kansa. Kowace safiya kafin ka tashe ta, zaro sandar awon mai ka goge ka mayar ka sake zarowa. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta, kada ka ji ƙyashin ɓata jallabiya. Ka san tabonta na kullum, don ranar da ya canza ka gane. Idonka ɗaya a hanya, ɗaya a kan allurar mai. In ka zaɓi na baffanka, kada ka fara shi a ranar doguwar tafiya, bari sai kana cikin gari kusa da mai gyara, kuma ka canza filta da wuri don dattin da zai kwaso. In ka zaɓi baƙin mai, ka juye shi tun bai yi tuwo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma daga gobe kai ne mai ɗakin.

Saura abu ɗaya, wanda ban taɓa ba ka labarinsa ba, ko da yake na san ka ji gutsi-gutsi a bakin mata.

Kana goye a lokacin. Ƙarshen damina ne, na ɗauko riɗin mutane daga gonakin kudu, hanya duk laka. Wani kututture da ciyawa ta rufe ya daki kwanon mai ya tsaga shi. Kafin in ankara mai ya tsiyaye a ƙasa. Ka ga wannan ba laifin sina'i ba ne, ba na baƙin mai ba ne. Na kashe ta a kan lokaci, inji bai ƙone ba. Na aika wa Usta da saƙo ta bakin direban wata mota, na zauna jira. Ina nan zaune sai ga wani direban garinmu ya tsaya. Ya ce, "Mamman, daga gida ni ke. Inna ba ta jin daɗi, tana ta kiran sunanka. Hau mu tahi, in na sauke kaya mu wuce tare." Kakarka ke nan, wadda ta haife ni.

Na dubi motar. Na dubi buhunan mutane. Na san in na juya baya, kafin in dawo an kwance mata ƙafafu an kwashe riɗin. Na ce masa Inna ta saba irin wannan zazzaɓin duk ƙarshen damina, in ya koma ya ce mata ina nan tafe, Usta na hanya. Ya sake cewa in hau. Na ce ya tafi. Usta ya zo, muka liƙe kwanon, muka zuba mai, ta tashi lafiya lau. Ban rasa ko buhu ɗaya ba. Na shigo Mai Wurno ina jin kaina gwarzo, na karyo kwanar gidanmu, na tarar da tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, maza zaune. Baffanka ne ya sa ta a kabari. Ya tashi ya tare ni, ya riƙe hannuna, ya ce, "Ka iso lahiya?" Daga ranar har yau bai ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba. Ni kuwa ban taɓa shiga motar nan na murza makulli ban tuna ba.

Mutane sun yaba mini a kan riɗin nan. An daɗe ana cewa Mamman ba ya barin amana a daji. Kai ma da wannan yabon ka tashi, kuma na ga yadda kake shafa ƙofar motar nan in ka wanke ta, irin shafar da nake yi. Shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Na san in ta tsaya maka a hanya za ka ce ta Baba ce, ba za ka dawo mini hannu wofi ba. Za ka zauna gadinta, da matarka a gefe, a wannan zamanin.

To ka saurara, wannan ce kaɗai maganar da ba ta yi mini rawa ba tun jiya. Zuba mata wanda ka ga dama. In ta kai ku, alhamdu lillahi. In ta mutu a daji, ko man Jidda ne ya kashe ta ko na kasuwa, ka sauko, ka kama hannun matarka, ku shiga motar farko ta mutanen kirki da ta tsaya. Kada ka tsaya kwance batir. Kada ka ce bari a jira mai gyara. In wasu suka tare ku suka ce motar suke so, miƙa makulli da hannun dama. Ba zan tambaye ka inda ka baro ta ba, kuma duk wanda ya tambaye ka a garin nan, ka turo mini shi.

Innarka tana gaishe ku, ta ce ƙullin da ke cikin kwando na hanya ne, kada a kai shi Rusairis. Ka gai da surukanka in kun isa. Na bar ku a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Allah Ya rufe idon mugu daga kanku, Ya sassauta muku zafin hanya, Ya yi muku albarka. Allah Ya nuna mini ranar da zan ji sallamarka a ƙofar gidan nan, ko a mota ka zo ko a ƙasa.

Mahaifinka,
Mamman